Rinin da Ya Ƙi Kama DNA: Wata Tara Ana Neman Ɗigo Huɗu a Kuromosom ɗin Wake

## Asalin lamarin

Ɗalibar da wannan bayani ya shafa tana karatun digiri na biyu ne a sashen nazarin tsirrai na wata jami'a a arewacin Najeriya. Ni kuwa ma'aikaci ne a ɗakin binciken da ta yi aikinta, kula da na'urori da sinadarai a wuyana yake. Kusan duk abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, wani ma da hannuna.

A kan wake take aiki. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na biye da ita, amma kuromosom ɗinsa, wato ƙunsoshin DNA da ke cikin ƙwayar halitta, ba su da daɗin sha'ani ga mai bincike: guda 22 ne, ƙanana ƙwarai, kuma sun yi kama da juna har ido ba ya iya cewa ga wannan ga wancan. Burinta ta kwatanta irin gida kamar kanannado da ɗan'ila da wasu ingantattun iri, ta ga inda jerin DNA guda biyu suke zaune, wato 45S da 5S, waɗanda daga gare su ake samun RNA na ribosom, inda ƙwayar halitta ke ƙera furotin. Kowane daga cikinsu a maimaice yake ɗaruruwa ko dubbai a wuri ɗaya, shi ya sa suke zama alama a jikin kuromosom kamar tsagar gado a fuska.

Hanyar ganin su ita ce dabarar da ake kira FISH. Ana ɗaukar guntun DNA da aka san jerinsa, wanda mutanen ɗakin bincike ke ce wa furob, a maƙala masa rini mai ƙyalli, a warware zarensa biyu da zafi, a zuba shi a kan kuromosom da aka shimfiɗa a gilashi. Shi da kansa zai nemo wurin da ya yi daidai da jerinsa ya manne. Joseph Gall da Mary Lou Pardue ne suka fito da asalin dabarar a jami'ar Yale ta Amurka a 1969, lokacin da alamar sinadarin nukiliya ake amfani, a jira kwanaki ko makonni kafin fim ya nuna komai. A farkon shekarun 1980 aka fara komawa ga rini.

Furob ɗin da ke hannunta biyu ne, dukansu daga alkama: pTa71 mai ɗauke da 45S, tsawonsa wajen haruffa 9,000 (haruffa su ne tubalan da ke jere a zaren DNA), wanda Gerlach da Bedbrook suka bayyana a 1979, da pTa794 mai ɗauke da 5S, haruffa 410 kacal. Suna aiki a kan wake saboda waɗannan sassa ba su bambanta sosai tsakanin tsirrai ba. Ta tsara 45S ya fito kore da rinin fuloresin, mai shan haske a wajen nanomita 494 (ma'aunin launin haske) ya fitar a wajen 520. 5S kuma ya fito ja-ja da Cy3, ɗaya daga cikin rinin da ɗakin binciken Alan Waggoner ya samar a jami'ar Carnegie Mellon, mai sha a 550 ya fitar a 570. Jikin kuromosom ɗin duka shuɗi da rinin DAPI. Bincike na baya ya nuna 5S a wake yana zaune a tagwayen kuromosom biyu, don haka ɗigo huɗu ja ake sa ran gani.

Ɓangaren gilashi ba shi da matsala tun farko. Ta iya tsiro da wake a auduga mai danshi, ta yanki kan saiwa, ta jiƙa a ruwan haidiroksikwinolin, ta kafe shi a gaurayen itanol kashi uku da asid ɗin asetik kashi ɗaya, ta narkar da bangon ƙwayoyin da enzayim. A ƙarƙashin DAPI ana ƙirga 22 ɗin rau.

## Maris: gwaji uku, babu ja

Ta fara da hanyar tsaga da cikewa, wadda Rigby da abokansa suka bayyana a 1977 daga ɗakin binciken Paul Berg a Stanford. Enzayim biyu ke aiki tare a bututu ɗaya. DNase I yana yi wa zare ɗaya 'yan tsaga nan da can. DNA polimares I kuma yana kamawa daga bakin tsagar, yana ciccire tsofaffin haruffan da ke gabansa yana sa sababbi a bayansa, cikinsu har da dUTP mai ɗauke da rini a maimakon harafin T. Ta sa maikurogiram 1 na DNA a maikurolita 50, minti 90, a digiri 15 kamar yadda takardar aikin ta ce.

A takarda ke nan. Ba mu da kwamin ruwa mai sanyayawa, na'urar PCR ɗaya tilo, mai kwafar DNA wadda kan riƙe zafi daidai, ita kuma layi ake bi a kanta. Sai ta cika roba da ruwa, ta jefa ƙanƙara har ma'aunin zafi ya nuna 15, ta tsoma bututun, ta tafi aji. Wanda ya san zafin Maris a ɗakin da ba wuta ya san abin da ruwan roba zai zama bayan awa ɗaya da rabi.

Sauran matakan ta bi su daidai: furob a cikin ruwan da ke da fomamayid kashi 50 cikin ɗari da dekstiran salfet kashi 10, a kwana a digiri 37, washegari a wanke. Abin da aka gani shi ne kore dishi-dishi a wasu ƙwayoyin, ja kuwa ko alama. A gwaji na biyu ta ninka yawan furob. A na uku ta rage tsananin wanki, ta tsawaita lokacin da kyamara ke buɗe. Ja ya fito, amma ko'ina: a kan kuromosom, a gefensu, har a inda babu ƙwaya ko ɗaya.

Duk wannan lokacin ba ta taɓa duba furob ɗin a jel ba, wato daskararren abin da ake gudanar da DNA a cikinsa da lantarki don a ga tsawonsa. Da na tambaye ta, ta ce, "Malam, ɗan abin da nake da shi ke nan, in na zuba a jel me zai rage?" Tsoron nata yana da dalili, domin kwalbar Cy3-dUTP ɗaya ce a ɗakin, kuma odar wata daga waje aikin watanni ne.

## Afrilu: abin da jel ya nuna

Malamin da ke duba aikinta ya ce kada a sake taɓa gilashi sai an ga tsawon furob. Ta ɗebi maikurolita 5 daga kowane, ta dafa minti uku, ta sanyaya a ƙanƙara, ta gudanar a jel ɗin agaros kashi 2 cikin ɗari, kusa da tsanin awo mai matakin haruffa ɗari-ɗari. Don FISH, ana son gutsattsarin su faɗo tsakanin haruffa 200 da 500. In sun fi haka tsawo ba sa ratsa jikin kuromosom, sai su taru a sama su yi ɗige-ɗige kamar taurari. In sun gaza, riƙonsu ba ƙarfi, wanki ya tafi da su, wasu kuma su manne inda ba a aike su ba. Nata duka sun taru a ƙasan matakin 100. DNase ya yi musu gutsi-gutsi.

Aka koma kan zafin ruwa. Dalilin digiri 15 shi ne a riƙe enzayim biyun su tafi kafaɗa da kafaɗa. In zafi ya hau, DNase yana ƙara kaifi, polimares kuma yakan fara ture zare ya juyo yana kwafar wanda ya gama ƙerawa. Na kawo filas ɗin shayi mai faɗin baki daga gida, muka huda soso muka soka bututun da ma'aunin zafi, muka rufe. Ruwan ya tsaya tsakanin 15 da 16 har awa biyu, ba a ƙara masa ƙanƙara ba.

Daga nan ta yi gwajin DNase ba tare da rini ba, da haruffa na yau da kullum, don kada a yi asara. Ta tsinka enzayim ɗin mataki uku a ruwan sanyi, sabon tsinki kowane lokaci, tana ɗiba a minti 30, 60, 90 da 120, tana tsayar da kowane da EDTA. Tsinkin da ya fi rauni, a minti 90, shi ya ba da shafi tsakanin 200 da 500. Ta maimaita da rini. Kore ya fito tas a gwajin farko, manyan ɗigo a ƙarshen wasu kuromosom.

Ja ya ɗan leƙo, amma sai an kashe fitila an daɗe ana kallo, kuma ɗigo biyu ake gani a mafi yawan ƙwayoyin, ba huɗu ba.

## Mayu zuwa Yuni: daga tsaga zuwa PCR

Lissafi ne ya nuna dalili. A pTa71, sashen da ake so shi ne mafi yawan zoben DNA ɗin da ke ɗauke da shi. A pTa794 kuwa haruffa 410 ne cikin zoben da ya ninka su sau da yawa, saboda haka mafi yawan rinin yana tafiya ne a kan DNA ɗin da ba shi da abokin haɗuwa a jikin wake. Mafita ita ce a kwafo sashen 5S shi kaɗai da PCR, a sa rini a lokacin kwafar. Tsawonsa kuma ya riga ya faɗo cikin iyakar da ake so, ba sai an sare shi ba.

Sai dai enzayim ɗin Taq, mai yin kwafar a PCR, ba ya son harafi mai ɗauke da kaya mai nauyi kamar Cy3. Da ta maye kashi ɗaya cikin uku na dTTP, wato harafin T na yau da kullum, da Cy3-dUTP, layin da ke jel ya sirance har da ƙyar ake ganin sa. Da ta rage rinin, DNA ya yi yawa amma ba haske. Ga kwalbar ta kusa ƙarewa, kuma ta narke ta sake daskarewa ba adadi saboda ɗauke wuta.

Aka yanke shawarar komawa hanya mai mataki biyu. A mataki na farko ana sa aminoalil-dUTP a PCR, harafi mai ɗan ƙaramin hannu na amin da enzayim ba ya jin nauyinsa. A na biyu ana kawo rinin Cy3 a siffar NHS esta, wanda ke neman amin ya ƙulle da shi. Ana yin haɗin a ruwan sodiyam baikabonet mai ƙarfin mola 0.1, pH (ma'aunin tsami) tsakanin 8.5 da 9, awa ɗaya a duhu. Kayan suka iso ƙarshen Yuni, damina ta kankama.

## Yuli zuwa Agusta: bututu ja, gilashi hazo

Gwajin farko ya faranta mata rai tun kafin a kai ga gilashi. Ruwan bututun ya yi launin hoda mai kyau, na'urar auna shan haske ta ba da lamba babba a nanomita 550. A gilashi kuwa hazo ja ne ya rufe komai, ba ɗigo ko ɗaya. Sau biyu haka.

Na ce ta gudanar da furob ɗin a jel da ba a sa masa etidiyam ba, wato rinin da aka saba ganin DNA da shi a jel, domin hasken etidiyam da na Cy3 sun yi kusa, ɗaya yana ɓoye ɗaya. Ba ma sai da fitila ba: da ido muka ga launin hodar ya yi gaba can bakin jel. Da aka jiƙa jel ɗin a etidiyam daga baya, DNA ya bayyana a wurinsa kusa da matakin 400, nesa da launin. Rinin yana cikin bututu amma bai kama ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san bambancin ruwan baba mai duhu da zanen da ya sha baba. Kwantar da DNA a gindin bututu da itanol sau ɗaya da ta yi bai raba shi da sakakken rini ba, na'ura kuma ba ta san bambanci ba, duk abin da ya sha haske a 550 ƙirga shi take yi. Da ta tace sosai da bututun silika, lambar ta faɗi ƙasa da rini ɗaya a haruffa 100.

Nan aka shafe makonni. Zato na farko ya faɗa kan wani sinadari mai suna Tris. Bayan PCR tana tsabtace DNA da bututun silika, ta fitar da shi da maikurolita 30 na ruwan da ya zo da kayan, ta busar. Wannan ruwa Tris ne milimola 10, kuma Tris yana da amin irin wanda rinin ke nema. Muka zauna da biro. Maikurogiram 1 na DNA wajen nanomol 3 ne na haruffa. In ɗaya cikin 12 ke da hannun amin, nanomol 0.25 ke nan. Tris ɗin da ke cikin maikurolita 30 kuwa nanomol 300 ne, ya ninka sau 1,200. Ko da Tris bai kai amin ɗin DNA saurin kamawa ba, wannan rinjaye ya isa ya cinye rinin. Ta cire shi: ta kwantar da DNA da sodiyam asitet da itanol, ta wanke sau biyu da itanol kashi 70, ta narkar a ruwa zalla. Ba a yi amfani da amoniyam asitet ba, don shi ma yana hamayya da amin.

Sakamako bai canja ba. Ranar ta ajiye bututun a kan tebur ta ce, "Malam, anya rinin nan ba jabu aka sayar mana ba?" Na ce, "'Yata, bari mu duba abin da muka yi masa tukuna."

Abin da aka yi masa kuwa ga shi. NHS esta ba ya shiri da ruwa. Ruwa yana karya hannun da yake kamawa da shi, ya bar rinin da launinsa da ƙyallinsa amma ba ya iya ƙullewa da komai. A pH 7 da sanyin ƙanƙara rabinsa yana lalacewa cikin awa huɗu zuwa biyar, a pH 8.6 kuwa cikin wajen minti goma. Shi ya sa ake narkar da shi a DMSO, wani sinadari mai narkarwa, marar ruwa, a yi amfani da shi nan take. Ita kuwa ta narkar da kwalbar farko gaba ɗaya tun ranar farko, tana ɗiba tana mayarwa firiza. Kuma tana buɗe ta da sanyinta, a cikin iskar Agusta, raɓa na sauka ciki. DMSO ɗin da ta yi amfani da shi daga wata babbar kwalba ne da ta shekara da shekaru a kan kanta, ana buɗewa ana rufewa. Ni na miƙa mata ita, kuma alhakina ne in san DMSO yana zuƙar danshi daga iska.

Akwai gwaji mai sauƙi. DMSO mai tsarki yana daskarewa a wajen digiri 18.5, ruwa kuma yana saukar da wannan mataki. Muka zuba kaɗan daga tsohuwar kwalba a bututu, muka sa shi a firij tare da wata ƙaramar kwalba da ba a taɓa fasa hatiminta ba, wadda muka aro daga sashen kimiyyar sinadarai. Da safe sabuwar ta zama dutse. Tsohon yana motsi kamar kunun da bai yi kauri ba.

Saura kwalbar rini ɗaya. Muka fitar da ita daga firiza, muka bar ta rabin awa a cikin gwangwani mai ƙwayoyin silika har ta yi ɗumin ɗaki kafin a buɗe. Aka haɗa sabon baikabonet a ranar, domin tsohon ruwansa yana sakin iskar kabon pH ɗinsa ya hau. Ta shirya bututu huɗu da DNA iri ɗaya:

Na ɗaya, da Tris, da tsohon rini. Na biyu, ba Tris, da tsohon rini. Na uku, da Tris, da sabon rini a sabon DMSO. Na huɗu, ba Tris, da sabon rini.

Bayan tacewa, na ɗaya da na biyu fari fat. Na uku ɗan alama. A na huɗu, da aka kwantar da DNA, ɗan ƙullin da ya kwanta a gindin bututu shi kansa launin hoda ne, kuma a jel launin ya tsaya daidai inda DNA yake. Ragowar rinin muka raba shi ƙananan bututu, muka busar a kan silika cikin duhu, kowane na amfani ɗaya.

## Satumba: an wuce gona da iri

Da rini ya fara kamawa, ta ga ai gara a ƙara. Ta maye dTTP gaba ɗaya da aminoalil-dUTP. Ƙullin ya yi ja sosai, amma a gilashi ɗigon bai kai yadda aka zata ba, ga shi furob ɗin yana manne wa ragowar bangon ƙwaya da duk wani datti.

A nan aka fara auna yawan rini yadda ya kamata. Ana karanta shan haske a nanomita 260, inda DNA ke sha, da 550, inda Cy3 ke sha. Cy3 ma yana shan kaɗan a 260, wajen kashi 8 cikin ɗari na abin da yake sha a 550, don haka sai an cire wannan. Sannan a ninka abin da ya rage da 150,000, lambar ƙarfin shan Cy3, a raba da karatun 550 da aka ninka da 6,600, matsakaiciyar lambar harafi ɗaya a DNA mai zare biyu. Ga ɗaya daga cikin nata: 0.50 a 260, da 0.75 a 550. An cire 0.06, saura 0.44. Lissafin ya ba da 66,000 a raba da 4,950, wato rini ɗaya a kowane haruffa 13, ko 7.5 a cikin 100. Dole karatun biyu su kasance a kan faɗin haske ɗaya, domin wasu na'urorin da ke auna ɗigo ɗaya suna ba da ɗaya a milimita 1 ɗaya a milimita 10, in ba a lura ba amsa ta kauce ninki goma.

Cox da Singer, a binciken da suka buga a 2004 kan wannan hanya mai mataki biyu, sun sami haske mafi kyau a wajen rini 8 cikin haruffa 100. In rini ya yi cunkoso, maƙwabta suna shanye hasken juna, riƙon furob da abokinsa yana raguwa, kuma furob ɗin yana zama mai danƙo.

Ta yi PCR uku: aminoalil ɗaya ga dTTP uku, ɗaya ga ɗaya, da aminoalil zalla. Suka ba da wajen 3, da 7.5, da sama da 12 cikin 100. Gilasai daga saiwa ɗaya, rana ɗaya, nanogiram 50 na furob a kowane. Na rufe lambobin da salatif na sa nawa, don kada son zuciya ya shiga ido, kyamara kuma a buɗe lokaci ɗaya ga duka. Ta zaɓi gilashin da ya fi mata, muka ɓare salatif: na ɗaya ga ɗaya ne. Ɗigo huɗu ja, biyu sun fi biyu girma, a kan kuromosom shuɗi, fili baƙi wuluk. Ta kira malaminta a waya tun ba ta tashi daga kan kujerar ba.

## Oktoba zuwa Nuwamba: tsare hasken

Abin da ya rage ƙanana ne. Koren yana dushewa kafin ta gama saita hoto. Fuloresin yana son pH sama da 8, haskensa yana raguwa in ruwan ya yi tsami, saboda haka aka haɗa ruwan rufe gilashi da gilisarin kashi 90 da DABCO, mai rage dushewar rini, a pH wajen 8.5. Ta koyi neman ƙwaya da gaggawa a ƙaramin haske, ta ɗauki kore, sannan ja, DAPI a ƙarshe, don hasken da ke tayar da DAPI yana cin sauran. Mun duba littafin fitilar makuri ta maikuroskop ɗin muka tarar ta wuce awanninta, irin mai wat 100 tsakanin awa 200 da 300 ake ba ta, aka canja. Furob kuma aka raba shi kaɗan-kaɗan a bututun da aka naɗe da takardar alminiyam, a tsakiyar robobin ƙanƙara a can ƙasan firiza, inda ɗauke wutar yini ɗaya ba ya narkar da shi. Da hunturu ya shigo, ƙura ta fara ba da ɗigon ƙarya, sai aka koma shanya gilasai a cikin akwati mai murfi.

Zuwa ƙarshen Nuwamba ta haɗa furob ɗin 5S sau uku a ranaku daban-daban, dukansu tsakanin rini 6 da 8 cikin 100, dukansu sun ba da ɗigo huɗu.

## Hukunci

A ganina rinin bai taɓa zama jabu ba, enzayim ma haka. Matsaloli biyar ne suka jeru, kowace tana ɓoye ta bayanta: ruwan da bai tsaya a digiri 15 ba, zoben DNA da ya rinjayi sashen da ake so, Tris, danshi, sannan yawan rini. Watan Maris ya tafi ne a kan gyaran gilashi alhali ciwon yana cikin bututu, kuma maikurolita 5 a jel da sun nuna shi a rana ɗaya. Tattalin da ta yi wa furob ɗin ya ci rini fiye da abin da jel zai ci, kuma da ni da malaminta mun makara wajen tsayawa a kan hakan.

Wurin da ya fi ba da wahala shi ne Agusta, domin laifi biyu ne suka haɗu a mataki ɗaya. Ta cire Tris, kuma daidai ta yi, amma da yake rinin ya riga ya mutu, gyaran bai nuna komai ba, har ta fara shakkar abin da yake gaskiya. Shawarar da aka saba bayarwa ta a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya ba ta isa a irin wannan hali ba. Bututu huɗun nan, da suka gwada kowane zato shi kaɗai da kuma a haɗe, su suka warware shi. Lambar na'urar auna haske kuwa ba ta da amfani sai an tabbatar babu sakakken rini, kuma jel marar etidiyam ne ya tabbatar mana.

Hanya mai mataki biyu ta fi dacewa da ɗaki irin namu, domin busasshen rini a kan silika ya fi jure rashin wuta a kan harafi mai rini da ke cikin ruwa, kuma DNA mai amin guda ɗaya ana iya rina shi kowane launi. Amma tana da wuraren tuntuɓe fiye da ta kai-tsaye, kuma da a ce muna da firiza mai tsayayyar wuta da kuɗin sayen Cy3-dUTP a kai a kai, ba zan ce lallai a bar waccan ba.

Aikin bai rufe duka ba. Ƙananan wuraren 45S har yanzu suna fitowa a wasu ƙwayoyin su ɓace a wasu, don haka ba ta iya ba da adadinsu da tabbaci a kowane iri. Shirin da ke ƙasa shi ne a rina 45S da Cy3 ta wannan hanya, a mayar da 5S kore, a ga ko ƙananan za su tsaya. Tsohuwar kwalbar DMSO na sauke ta daga kanta, yanzu ƙananan kwalabe masu hatimi muke saye, a rubuta ranar buɗewa a jikin kowace.